Kifin beta ya kwanta a ƙasan kwalba ya ƙi cin abinci, sanyi ne ko ciwo?

Maman Ilham: Slm jama'ar wannan gida, barkanmu da sanyi. Dan Allah masu ilimin kifi ku taimaka min. Ƙanena ne ya zo daga Kano ya kawo wa 'yata wani ɗan kifi na ado, ja ne mai doguwar jela, wai sunansa beta, wasu kuma na ce masa kifin faɗa. A kwalbar bama aka ba shi, mai sayarwar ya ce masa ba ya buƙatar komai sai ruwa da ɗan abinci. Da farko lafiya lau yake yawo yana baza jela amma tunda hunturun nan ya kankama sai ya koma ƙasan kwalba ya kwanta, fiffikensa a tsuke, jan ma ya koɗe, bakin jelar ya yi baƙi-baƙi yana yagewa, abinci in na zuba sai ya zo ya kalla ya koma. Yarinyar nan duk ta damu wlh. Muna wani ƙauye ne wajen Ringim, ba inda zan samu likitan kifi.

Nura Mai Tarwada: Wslm Hajiya. Ruwan yaushe rabon da ki canza? Kuma ruwan ina kike zuba masa?

Maman Ilham: Na bohol ne. Duk ranar Juma'a nake juye shi a kofi in wanke kwalbar tas da omo in zuba sabo.

Sabi'u Wudil: Subhanallah. Anti dan Allah daga yau omo ko sabulu kada su sake taɓa abin da kifin nan yake ciki, ko kin ɗauraye sau nawa akwai ɗan saura da yake maƙalewa a jiki kuma yana ƙona masa wajen numfashi. Ruwa zalla ya isa wanki. Ni ina kiwon irinsa a ɗakina, kuma abin da kika lissafa ɗin nan gaba ɗaya na san shi, sanyi ne da dattin ruwa suka haɗu masa.

Garba Kemis: A samu kafso ɗin nan ja da yalo a fasa rabi a zuba a ruwan, kwana biyu zai miƙe. Haka muke yi wa kaji.

Malama Zainab Dutse: Malam Garba ka yi haƙuri, a nan kam ban yarda da kai ba. Maman Ilham kada ki zuba kafso tukuna, bari in yi miki bayani ko da zai ɗan yi tsawo, ni malamar bayoloji ce kuma na taɓa ajiye irinsa a ɗakin gwaji saboda ɗalibai. Kifin nan asalinsa ɗan ƙasar Tailan ne, wadda a da ake kira Siyam, da maƙwabtanta na wajen kogin Mekong. A can a fadamun shinkafa yake rayuwa da kududdufai da ƙananan magudanai masu ciyayi, ruwa marar zurfi amma mai faɗi, kuma mai ɗumi kusan duk shekara. Ɗumin da jikinsa yake so daga digiri 24 ne zuwa 28. To ku duba garinmu a watan Disamba da Janairu, da asuba sanyi yana sauka ƙasa da digiri 15, kuma ruwan kwalbar bama da bai fi lita ɗaya ba nan da nan yake bin sanyin ɗaki. Kifi ba ya ɗumama jikinsa da kansa irin mu, zafin ruwa shi ne zafin jikinsa, in ruwa ya yi sanyi cikinsa ba ya narka abinci, ƙarfin yaƙar cuta ya ragu, shi ya sa kika ga ya kwanta. Sannan kashinsa da ragowar abincin da ya ƙi ci suna ruɓewa su zama amoniya, ita kuma ba a ganinta da ido, ruwa zai iya zama garau alhali guba ce a ciki. A lita ɗaya kwana biyu ma ya isa ta taru, balle mako guda. Baƙin da kike gani a bakin jela ruɓewar fiffike ce, ƙwayoyin cuta ne da suke samun dama in ruwa ya ɓaci kifi ya raunana. In aka zuba magani aka bar shi a ruwan nan da sanyin nan, ba inda aka je.

Garba Kemis: To ai ke ma kin ce ƙwayoyin cuta ne Malama, maganin ƙwayar cuta kuma kafso ne.

Malama Zainab Dutse: Haka ne amma wane adadi za ka zuba a lita ɗaya wa halittar da tsawonta bai wuce santimita 6 zuwa 7 ba? Ba ka da awo, ni ma ba ni da shi. In ya yi yawa ya kashe shi, in ya yi kaɗan ka koya wa ƙwayoyin cutar jure magani, matsalar da asibitoci ke kuka da ita kenan a kan mutane ma. Ruɓewar jela in ba ta ci har jikin kifi ba, sau da yawa ruwa mai tsabta da ɗumi kaɗai suna tsayar da ita jelar ta sake tofowa.

Nura Mai Tarwada: Ni dai abin da ban gane ba, an ce kifin nan yana shaƙar iska ta sama kamar tarwada. Tarwada kuwa kowa ya sani, a baho za ka ɗauko ta daga Kura zuwa kasuwa da ɗan ruwa kaɗan ta iso da ranta. To me zai sa wannan ya zama ɗan gata haka.

Baba Masunci: Nura ɗana, ɗan nawa ne yake rubuta min, ni ina faɗa. Ni a ruwan Haɗeja na tashi, tarwada da gaiwa ba wanda zai ba ni labarinsu. Gaskiya ne tarwada tana daɗewa a baho, amma daɗewa daban zama lafiya daban. Ka bar ta kwana huɗu a ruwan da ba a canza ba ka ga yadda fatarta take saɓulewa gashin bakinta ya gutsure. Kai da kake kiwo ai ka fi ni sanin sau nawa kake sakin ruwan kwaminka. Wanda ya ce wa yaron nan kifi ba ya buƙatar komai ciniki kawai yake so ya yi.

Nura Mai Tarwada: Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. In na yi sakaci da ruwa kwana uku warin kansa ya ishe ni.

Malama Zainab Dutse: Baba kun gama magana. Shaƙar iskar nan ita ce ta jawo wa kifin beta wahala a duniya, yana da wata gaɓa a cikin kansa saman wajen numfashi da take ɗaukar iska kai tsaye, shi ya sa ba ya mutuwa da wuri a ƙaramar kwalba, mutane kuma suka ɗauka daɗi yake ji. Gaɓar tana cetonsa daga ƙarancin iska a ruwa ne kawai, ba ta kare shi daga amoniya ko sanyi.

Maman Ilham: Ngd sosai Malama, ngd Baba. To yanzu me zan yi a yau ɗin nan? Ni ba ni da akwatin gilashi kuma wuta ba ma samu sai jefi-jefi.

Sabi'u Wudil: Anti ba sai gilashi ba. Ki nemi roba fara mai haske irin wadda ake zuba kayan abinci, sabuwa ko wadda ba a taɓa sa mai ko sabulu ko maganin feshi a ciki ba, mai cin kamar lita 20, wato ta kusa cinye jarka guda. Mai faɗi ta fi mai zurfi saboda yana hawa sama shan iska kuma yanzu ba shi da ƙarfi. Ki zuba ruwan bohol ki bar shi ya kwana a ɗakin da kifin yake don zafinsu ya zo ɗaya, in ya yi sanyi da yawa ki sirka da ɗan ruwan ɗumi KAFIN ki sa kifin, kada ki taɓa zuba ruwan zafi yana ciki. Sannan kada ki juye shi kai tsaye, ki ɗora kwalbar tasa a cikin robar ta yi ta iyo kamar minti 20 zuwa 30 kina ɗan ɗiba ruwan robar kina ƙara masa kaɗan-kaɗan, sai ki sake shi a hankali, tsohon ruwan kuma ki zubar. Ki rufe da murfi mai huji-huji ko gidan sauro sabo wanda ba mai magani ba saboda suna tsalle wlh, kuma ki bar tazara tsakanin ruwa da murfi kamar yatsu uku. Yanzu da yake ba lafiya duk bayan kwana biyu ki kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ki mayar da sabo mai ɗumi ɗaya, ki sa siririn tiyo ki zuƙe dattin ƙasa. In ya warke sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. A daina juye duka a wanke tas.

Hajiya Ladi: Me ya sa ba za a wanke tas ba? Ni a tunanina tsabta ita ce a wanke.

Malama Zainab Dutse: Hajiya akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da suke zama a jikin roba da tsakuwa, su ne suke cinye amoniya su mayar da ita wani abu mai sauƙin illa. Kafin su yi yawa sai an ɗauki kamar mako 4 zuwa 6, duk wankin da aka yi tas an kashe su an koma farko. Shi ya sa yana da kyau a zuba 'yar tsakuwa mai santsi da aka ɗauraye da ruwan zafi a ƙasa, a bar ta nan. Wanda yake da matacin ruwa na soso ya fi samun wannan amfanin, amma mai sanyin gudu, beta ba ya son ruwa mai ƙarfi saboda jelar tana masa nauyi.

Auwalu Sola: Maganar ɗumi ni zan shigo. Hitar kifi ta wat 25 ta isa lita 20, kuma tana kashe kanta in ruwa ya kai zafin da aka saita, ko ta kwana tana aiki awa 10 ba ta wuce wat-awa 250 ba, wanda yake da ƙaramin sola da batir mai kyau da inbata zai iya. Amma kada wani ya ɗauko hitar dafa ruwa ta bokiti, wannan dafa kifin za ta yi. Wanda ba shi da wuta kuma, ki sa robar a ɗakin da ake kwana, nesa da taga da ƙofa, kada ki ajiye a kan siminti, ki ɗora a kan katako ko kwali, da magariba ki naɗe ta da bargo ki bar kafar iska a sama. In kina da tsohuwar kula babba ki zura robar a ciki, ya fi bargo. Cikin dare in sanyi ya yi tsanani ki cika gorar roba da ruwan ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa, ki rufe gam ki jingina a jikin robar ta waje a cikin bargon. Kuma dan Allah ki sayi ma'aunin zafi, ba shi da tsada, in ba shi duk lalube ake.

Maman Ilham: Ɗakin namu na ƙasa ne, ya fi na bulo ɗumi da daddare. Amma muna sa garwashi a kasko, ba matsala?

Auwalu Sola: Ɗakin ƙasa ma ya fi. Garwashi kuma ku kanku haɗari ne a rufaffen ɗaki Hajiya, a bar kafar iska, kuma kada a matso da shi kusa da robar.

Sabi'u Wudil: Tunda an zo maganar hayaƙi, abin da ya fi kashe kifin ado a gidajenmu maganin sauro ne. Fiya-fiya, filit, koyil, duk in za a yi a fitar da kifin ko a rufe shi ruf da zani mai kauri sai ɗakin ya sha iska. Shi ta sama yake shaƙa, kuma feshin yana sauka a kan ruwa. Gidan sauro mai magani ma in kin taɓa shi ko kin wanke ki ɗauraye hannu sosai kafin ki sa a ruwan kifi, maganin jikinsa guba ne ga kifi. Haka man shafawa da turare. Turaren wuta ma a ɗan nisanta.

Hajiya Ladi: Kai jama'a. Ni dai ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, a wannan tsadar rayuwar mutum na neman awo ana maganar yi wa kifi bargo da sola. Kifin da ba a ci.

Malam Idi: Hajiya maganarki tana kan hanya ta wani ɓangaren, wanda bai saya ba babu wanda ya ce lallai ya saya, kuma wanda iyalinsa ke da buƙata su ne gaba. Amma wannan ya riga ya shigo hannunta, rai ne, an tsare shi a inda ba zai iya nema wa kansa komai ba. Hadisin matar da ta ɗaure kyanwa ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nema ba sananne ne ga kowa. Ajiye dabba don sha'awa ba laifi, sharaɗin shi ne a ba ta haƙƙinta. In ba za a iya ba a ba wanda zai iya.

Hajiya Ladi: Haka ne Malam, Allah ya sa mu dace. To ba sai a kai shi kogi a sake ba?

Baba Masunci: A'a Hajiya, kada a fara. Da jelar nan tasa ko yini ba zai yi ba wani kifin ya haɗiye shi. Kuma baƙon kifi ba a zuba shi a ruwan mutane, ba ka san cutar da ya zo da ita ba.

Maman Ilham: Abinci fa? Wanda aka haɗo mu da shi ya kusa ƙarewa, Ilham har ɓarɓashin biredi take ba shi da tuwo.

Sabi'u Wudil: A daina biredi da tuwo Anti, shi mai cin nama ne, a daji ƙwari yake ci da tsutsar sauro, bakinsa ma in kin lura sama yake kallo saboda a saman ruwa yake farauta. Yanzu ki bar shi kwana biyu ba abinci har ruwan ya yi ɗumi, ba abin da zai same shi. Daga nan ƙwaya 2 ko 3 da safe, 2 ko 3 da yamma, abin da bai ci ba cikin 'yan mintuna ki tsame. Yara su ne suke kashe shi da ƙauna, kowa ya wuce sai ya barbaɗa, shi kuma in yana lafiya ba ya ƙin ci, sai ciki ya kumbura ya kasa nutsewa ko ya riƙa iyo a karkace. Ki ɓoye robar abincin, ke ce za ki ƙirga ki ba ta ta zuba.

Nura Mai Tarwada: In naku ya ƙare, abincin 'ya'yan tarwada na farko mai ƙanana sosai, mai girman milimita 0.5 ko 0.8, yana da furotin da yawa kuma bakinsa zai iya ɗauka. Duk mai kiwo zai ɗibar miki cokali biyu kyauta, ki sa a kwalba mai murfi kada ya sha danshi. Zai daɗe miki.

Garba Kemis: To gishiri fa Malama, shi ma kin hana? Ko ɗan kanwa.

Malama Zainab Dutse: Kanwa kam ko kusa, tana canza yanayin ruwa ta sa amoniya ta ƙara dafi. Alif ma da ake sa wa ruwan rijiya ya kwanta, kada a ba kifi wannan ruwan. Gishiri ana amfani da shi amma na ɗan lokaci, a matsayin magani, masu kiwo sukan sa ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita 4 zuwa 5, gishiri zalla wanda ba a haɗa shi da komai ba, a narkar a kofi tukuna, kada a wuce kwana 10, kuma in an canza ruwa gishirin ruwan da aka cire kawai ake mayarwa don gishiri ba ya tashi da tururi. Ni dai shawarata ta fara da ruwa da ɗumi tsawon mako, in baƙin yana ci gaba da cin jela sannan a zo ga gishiri. Abin da na fi so ma ganyen almon ne, itacen nan mai faɗin ganye da ake shukawa a makarantu da asibitoci don inuwa, yara na fasa ƙwallonsa su ci. Busasshen ganyen da ya faɗo da kansa ya yi ja, a ɗauraye a jefa ɗaya a lita 20. Ruwan zai yi kalar shayi, kada ki tsorata, masu kiwonsa a Tailan sun daɗe suna yin haka, kifin yana samun natsuwa kuma yana fakewa a ƙarƙashin ganyen.

Maman Ilham: Akwai shi a firamaren garinmu. Na samu roba a wajen maƙwabciyata, ta lita 18 ce sabuwa, na zuba ruwa yana kwana. Gobe in sha Allah zan mayar da shi.

Ummi Gwaram: Dan Allah ni ma in tambaya tunda an buɗe, nawa shuɗi ne, ta yaya zan gane lafiyarsa ƙalau? Ni kullum cikin fargaba nake.

Sabi'u Wudil: Ki riƙa tsayawa minti biyu kina kallonsa kafin ki ba shi abinci, shi ke nan. Mai lafiya in ya gan ki zai taso gaba da sauri, fiffike a buɗe, launi na sheƙi, ido garau ba kumburi, yana ci da zafin nama har ki ji ɗan ƙas in ya tauna, yana hawa ya ɗauki iska ya sauko ba wahala. Kwanciya a kan ganye ko a ƙasa na ɗan lokaci ba ciwo ba ne, suna barci, musamman da daddare kuma ba su da fatar ido shi ya sa za ki ga ido a buɗe, a kashe masa fitila da dare. Abin tsoro shi ne ya wuni a kwance, ko fiffike a manne da jiki, ko numfashi da sauri-sauri, ko yana goga jikinsa a tsakuwa. In kin ga fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri wannan wata ƙwayar cuta ce da take yawan fitowa bayan ruwa ya yi sanyi kwatsam, tana jin magani in an kama da wuri, masu sayar da kayan kifi suna da shuɗin maganinta. Akwai wata kuma sai kin haska tocila a duhu za ki ga ƙura-ƙura mai ruwan zinare a jikinsa. Wadda ta fi muni ita ce ki leƙa ta sama ki ga ciki ya kumbura ɓawon jikinsa duk ya miƙe tsaye, wannan kayan ciki ne suka gaza, da wuya ya tashi gsky.

Ummi Gwaram: Alhamdulillah ba ko ɗaya. Amma kumfa yake tarawa a gefe a saman ruwa, kullum sai na kwashe, na ɗauka datti ne.

Malama Zainab Dutse: Ƙanwata wannan gida yake ginawa. Namijin beta shi ne yake haɗa sheƙar kumfa da bakinsa, in mace ta saki ƙwai shi yake tsince su ɗaya-ɗaya ya kai cikin kumfar ya yi gadi har su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu, uwar ma korar ta yake. Ko ba mace yana yi in ya balaga. Ki bar masa abinsa, in ta rushe wajen canjin ruwa zai sake. Sai dai kada ki ɗauki kumfa a matsayin shaidar ruwa na da kyau, wani yana yi ko a ruwa marar kyau.

Sani Ɗan Gezawa: Ni abin da nake so in sani, da gaske in an haɗa maza biyu sai ɗaya ya mutu? Akwai abokina da yake da ɗaya, muna so mu gwada mu ɗauka a waya.

Malam Idi: Sani ka ji tsoron Allah. Haɗa dabbobi faɗa don nishaɗi malamai sun hana, ko zakaru ne ko raguna ko kifi.

Sabi'u Wudil: Kada ku yi abokina. Ba kullum ake mutuwa nan take ba amma za su yayyaga juna, a kwalba wanda aka fi ƙarfi ba shi da wajen gudu, bayan kwana kaɗan ciwon ya ruɓe ya mutu. A can ƙasarsu an yi ɗaruruwan shekaru ana zaɓen masu zafin rai ana haɗa iri saboda caca, shi ya sa faɗan ya zauna musu a jini. In kwalliyarsa kake so ka gani ka kara masa madubi minti ɗaya ko biyu, zai baza komai har kumatunsa, ka ɗauki hotonka ka cire, kada ka bar madubin a wajen. Mace ma ba a barinta da namiji sai lokacin haihuwa. Kuma a kula, akwai maza masu gajeriyar jela da ake sayarwa a matsayin mata, macen gaske tana da ɗan farin ɗigo a ƙarƙashin ciki.

Sani Ɗan Gezawa: To shi ke nan an fasa.

Malama Zainab Dutse: Madalla. Su kansu mutanen Tailan a shekarar 2019 sun ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa, na dajin kuma raguwa yake saboda gurɓatar ruwa da cinye fadamu da gine-gine. Na daji ma ba shi da wannan jelar da launin, ɗan ruwan ƙasa-ƙasa ne da kore, kiwo ne ya fito da ja da shuɗin da muke gani.

Maman Ilham: Jama'a ga labari, na mayar da shi tun shekaranjiya yadda Sabi'u ya ce, na sa ganye ɗaya, robar tana cikin kula da daddare. Yau ya taso ya ci ƙwaya biyu, fiffiken ya ɗan saki amma jelar tana nan yadda take.

Sabi'u Wudil: Masha Allah. Jela sai a hankali Anti, makonni take ɗauka, abin da za ki duba shi ne baƙin ya tsaya bai ƙara ci ba, sabon tofi zai fito fari-fari kamar ba launi a baki-baki, kada ki ɗauka ciwo ne. Ki ci gaba da canjin ruwan, kada ki saki jiki don ya ci abinci. Kuma ki shirya wa Ilham zuciya tun yanzu, shekara 2 zuwa 4 suke yi galibi, kuma lokacin da ake sayar da su sun riga sun yi watanni.

Auwalu Sola: Kuma a tuna hunturu zai wuce, Maris da Afrilu na tafe, lokacin matsalar juyewa take. Ɗaki mai kwano ba silin da rana ruwa zai haura digiri 32, wannan ma wahala ce gare shi. Kada a jefa ƙanƙara a ciki. A kai shi ɗakin da ya fi sanyi, a naɗe robar da jiƙaƙƙen buhu ko tawul iska na bugawa, ko a zaunar da ita a baho mai jiƙaƙƙen yashi, dabarar tukunya cikin tukunya kenan da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ruwan da ya ƙafe a riƙa cikawa.

Baba Masunci: Ni da a randa zan sa shi lokacin zafi, sabuwar randa mai faɗin baki, ruwanta ba ya zafi.

Ummi Gwaram: Baba to ai ba za a gan shi ba a randa, amfanin kifin ado kallo.

Baba Masunci: 'Yata ta sama ake kallon kifi, mu duk rayuwarmu ta sama muke ganinsa. Wata biyu ne dai na zafi, in damina ta sauka ki mayar da shi robarki.

Malama Zainab Dutse: Dabarar Baba za ta yi aiki, sai dai a jiƙa randar kwanaki ana zubar da ruwan kafin a sa shi, a shafa cikinta da hannu a ji ba kaushin da zai yaga jela, kuma a riƙa auna zafin da asuba kada ya sauka ƙasa da 24. Duba lafiyarsa ne zai ɗan yi wuya, sai a riƙa ɗebo shi a kofin gilashi lokaci-lokaci a kalle shi ta gefe.

Nura Mai Tarwada: Da damina kuma abinci kyauta ne, tsutsar sauro a tsohuwar taya da gwangwani, ga shinge in ya tashi bayan ruwan sama, a cire fiffike a ba shi ɗaya.

Hajiya Ladi: Nura kada ka sa yara su fara tara ruwa a gida don kiwon sauro, da zazzaɓin da muke fama da shi.

Nura Mai Tarwada: A'a Hajiya ba kiwo na ce ba, wanda aka tarar ya riga ya taru a tace da rariyar shayi a ɗauraye a ba kifin, ruwan kuma a kifar. Amma ban da na kwata, ban da na gonar da aka yi wa feshi, kuma a ba shi daidai wanda zai cinye a take kada saura su yi fiffike a ɗaki.

Ummi Gwaram: Sabi'u dan Allah in za ka shiga Kano satin nan ka duba min kuɗin ma'aunin zafi da hitar wat 25 ɗin, in da hali mu haɗa kuɗi da Maman Ilham a sayo mana tare a ba direban Dutse.

Sabi'u Wudil: Ranar Asabar zan shiga in sha Allah, zan ɗauko hoton kowanne da farashinsa in turo nan ku zaɓa. Auwalu ka faɗa min inbatar Ummi za ta ɗauki hitar ko sai an canza.

Auwalu Sola: Ta turo min hoton takardar da ke manne a bayan inbatar da na batirin tukuna in gani.